Makullin Shafin Manoman Nasko

Assalamu alaikum, Uwata.

Ina gaishe ki da fatan wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin huta gajiyar hanya, kin kuma sa wani abu a cikinki. Na ce wa Innarki ta cusa ta can ƙasan jakarki, ƙarƙashin ledar yaji da ƙuli-ƙulin da ta ɗaure miki, don na san ba za ki kwana biyu ba ki zazzage jakar neman ƙuli ba. Allah Ya sa kin shiga Abuja a sa'a, Ya haɗa ki da abokan aiki nagari, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane.

Kin san ni da surutu a shago, amma in aka zo maganar da ta taɓa zuciya sai bakina ya yi nauyi. Balle ke da kike ɗauke da sunan mahaifiyata, ko faɗa na yi niyyar yi miki sai in ji kamar ita nake ɗaga wa murya. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ki yi haƙuri da girman haruffan, idon nan ya daina shiri da ƙaramin rubutu.

Maganar shafin intanet na ƙungiyar manoman Nasko ce. Sau uku kina roƙona in ba ki makullinsa, in mai da ke admin mai ikon taɓa komai a ciki, sau uku ina hana ki. Na ƙarshen ranar Talatar nan ne, da kika ce, "Baba, idonka fa ba kamar da ba, kuma kai kaɗai ke da hanyar shiga. In wani abu ya taso ina can fa?" Na ce miki tun kina firamare nake riƙe da shafin nan, ba yau za a koya mini ba. Kika rufe laftof ɗinki, kika ce za ki je ki taya Inna aiki. Tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na san kina ganin raina karatunki na yi. Ba haka ba ne, kin fi ni sanin aikin nan nesa ba kusa ba, kuma ina alfahari da hakan ko da ban faɗa ba. Akwai dai abin da ban taɓa gaya miki ba, kuma bai kamata ki shiga wannan sana'a ba ki ji shi ba.

Kin san Malam Bitrus, sakataren ƙungiyar, wanda ke kawo mana sabuwar gyaɗa duk kaka. Farkon saninmu takardun taro yake kawo mini in buga masa. Lokacin na fara koyon manhajar nan da muke gina shafuka da ita, wadda kowa ke iya saukewa kyauta, ya buɗe cikinta ya ga yadda aka ƙera ta. Wata rana ya tarar ina wasa da ita, ya tsaya a bayana ya daɗe yana kallo. Ya ce 'ya'yansu sun watsu, wasu na Ikko, wasu na Ilori, wasu na Kaduna, kullum sai kira ana tambayar nawa buhun masara ya kai, yaushe za a raba iri, wa ya rasu, wa ya haihu. Ko zan iya yi musu wuri guda da kowa zai leƙa ya gani? Na ce wannan ai ƙaramin abu ne, alhali ban taɓa gama shafi ko ɗaya ba.

Ranar da na nuna masa abin da na haɗa, ya riƙe baki ya ce, "Malam Sani, kai ka ƙera wannan duka da kanka?"

Na gyara zama na ce, "To, da taimakon Allah."

Ban yi ƙarya da baki ba, amma ƙarya na yi. Manhajar nan aikin gayya ce, mutanen da ban san ko sunansu ba suka haɗa hannu daga ƙasashe daban-daban suka gina ta, suka bar ta a buɗe. Ni kawai jerawa na yi na shafa fenti. Amma daga ranar mutanen Nasko suka ɗauka ba mai iya taɓa shafinsu sai Malam Sani, ni ma da na ji ana ta faɗa sai kaina ya kumbura na yarda. Uwata, duk wanda kika yi wa aiki ki gaya masa da me kika yi shi, ki gaya masa akwai dubban mutane da suka iya gyara shi bayan ke. Ba zai rage miki daraja ba, hankalinsa ne zai kwanta.

Shafin farko kuwa na zuba masa ado kamar ɗakin amarya. Manyan hotuna masu juyawa da kansu, rubutu mai walƙiya, har da agogo a gefe, ban san wa ya ce mini manomi na neman agogo a intanet ba. A shago yana buɗewa tsaf. Sai ƙungiyar ta gayyace ni in nuna wa jama'a ranar kasuwa. Na sa sabuwar shaddata, na hau bas, na ƙarasa a kan mashin. Aka taru a inuwar mangwaro, Bitrus ya ciro 'yar wayarsa mai tsagaggen gilashi ya buga adireshin. Abu ya yi ta juyawa. Muka jira, na yi bayani, na sake yin bayani, har mai kunun zaƙi ta sayar da rabin bokitinta, shafi bai fito ba. Bitrus ya matso ya ce mini a hankali, da Hausarsa mai karin Kambarci, "Malam, a nan sabis kara ɗaya ne, shi ma sai ka tsaya kusa da injin niƙa." Na dawo gida na cire adon nan kaf, na ƙanƙance hotuna, na bar farashin hatsi da sanarwa a sama. Can inda za ki, intanet ɗin ofis zai ruɗe ki. Kafin ki ce kin gama aiki, ki nemi wayar da ta fi kowace rauni, ki gwada a irin wurin da masu shafin ke zaune.

Yanzu ga inda abin ya fara lalacewa. Akwai wasu gyare-gyare da na so yi, maimakon in yi su a gefe inda aka tanada don haka, sai na shiga cikin uwar manhajar na yi ta yanka da ɗinki. Na ga gargaɗin da aka rubuta cewa kada a yi haka, na yi kunnen uwar shegu da shi. Da sabuntawa ta zo na danna, sai ta share duk abin da na yi, aikin sati biyu ya tafi. Maimakon in ga laifina, sai na ɗora wa sabuntawa. Na rantse ba zan ƙara danna ta ba. Shekara biyu jar alamar nan tana tsaye a saman allo duk lokacin da na shiga, ina kawar da kai. Ban tsaya na gane cewa yawancin abin da suke aikowa toshe ƙofofin da ɓarayi suka gano ba ne.

A cikin shekarun nan biyu ne Bitrus ya zo da wata buƙata. Mahaifinsa, Baba Yakubu, shi ne ya rage a cikin masu waƙoƙin noma na da, waɗanda ake yi da Kambarci in an fita aikin gayya. Matasa sun daina koyo. Bitrus ya ce yana so a ɗauki muryar tsohon a sa a shafi, jikokin da aka haifa a birni su ji. Na je da wayata. Tsohon yana zaune a kan turmi a ƙofar gida, ya ce ba zai iya waƙar noma hannu sake ba, sai da aka miƙo masa fartanya ya riƙe. Daga nan murya ta buɗe. Ba na jin Kambarci sai gaisuwa, amma tsigar jikina ta tashi. Matan gidan suka bar aikinsu suna amsa masa. Waƙa tara muka ɗauka kafin ya ce ya gaji, a ba shi ruwa. Na ɗora su a shafi, na saurara na ji suna fita lafiya. Bayan ɗan lokaci wayata ta cika, na goge na cikinta, a raina ina cewa ai suna intanet, intanet kuwa ba ya ɓatar da abu.

Wata safiya na buɗe shago na leƙa shafin, sai na ga ba namu ba ne. Tallan caca ne tun daga sama har ƙasa, da hotunan da ba zan iya kwatanta miki ba. An shigo ta ɗaya daga cikin ƙofofin da na ƙi toshewa. Abin da ya fara zuwa mini a rai ba shafin ba ne, sunana ne. Na tuna akwai limamai da fastoci a ƙungiyar nan, na tuna 'ya'yansu na buɗewa kowace safiya, na tuna ni ne Malam Sanin da ya ƙera komai da kansa. Ban kira kowa ba. Ban tambaya a dandalin masu amfani da manhajar ba, inda ake taimakon juna kyauta, don kada a ga jahilcina. Kafin azahar na share komai, komai da komai, na saka sabuwar manhaja, na sake buga sanarwar da na iya tunawa. Da Bitrus ya kira yana tambayar me ya sa shafin ya canza, na ce masa kwaskwarima nake yi. Har daɗi na ji cewa na rufa wa kaina asiri.

Ban tuna da waƙoƙin ba. Wallahi ban tuna ba, sai bayan wata guda, lokacin da Baba Yakubu ya rasu. Kwana biyu da binne shi Bitrus ya shigo shago, idonsa ja, ya zauna a bencin nan na bakin ƙofa. Na yi masa ta'aziyya. Ya ce 'yan'uwa sun taru daga ko'ina, ranar Asabar za a yi addu'a, suna so a sa muryar Baba a lasifika kowa ya ji. Ya duba shafi bai gan su ba, ya san dai na matsar da su ne wajen kwaskwarima.

Na shiga na duba, alhali na riga na san abin da zan tarar. Na kira kamfanin da ke ajiye mana shafin, suka ce suna riƙe kwafi na 'yan kwanaki ne kawai, sabo na hawa kan tsoho. Da a makon da abin ya faru na kira su, da sun dawo mini da komai. Na ajiye waya, na juyo na gaya wa Bitrus gaskiya tun daga farko, har da ƙaryar kwaskwarima.

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya ce, "Malam Sani, da ka gaya mini ranar. Lokacin Baba yana da rai. Da mun koma ya sake yi."

Wannan maganar ba ta bar ni ba har yau. Ɓarayin intanet ba su taɓa waƙoƙin nan ba, suna nan kwance a inda na ajiye su har lokacin da na sa hannuna na share. Kunyata ce ta cinye su. Daga baya aka sami wani jikan tsohon a Ilori da ya taɓa sauke guda ɗaya a wayarsa, ita aka sa ranar addu'ar, ita ce kuma kike gani a shafin yanzu. Kin taɓa tambayata me ya sa guda ɗaya ce tak, na ce miki tsohon ne ya gaji. Ki yafe mini wannan ma.

To ki ji, Uwata. Abin da yake wuri ɗaya kawai, ki ɗauka babu shi. Ki riƙa ɗaukar kwafin shafi gaba ɗaya, rubutu da hotuna da murya, ki ajiye a wuri biyu da ba su haɗa hanya ba, kuma lokaci-lokaci ki gwada dawo da shi ki tabbatar yana tashi. Kafin ki danna sabuntawa ki ɗauki kwafi, amma ki danna ta, kada ki bari ta kwana biyu tana jira. Kada ki taɓa uwar manhaja, ki yi gyaranki a gefe. Wannan duk kin sani, an koya muku a makaranta. Abin da ba a koya muku ba shi ne ranar da abu zai lalace a hannunki, kuma zai lalace, ki fara ɗauke hannunki daga kan kwamfuta. Ki tashi ki sha ruwa. Ki kira mai shafin ki gaya masa abin da ya faru kafin ki goge ko da harafi ɗaya. Za ki ji kamar ƙasa ta tsage ki shige, amma wannan jin na yini ɗaya ne. Na san halinki, kin gado ni wajen ƙin a ga gazawarki, tun kina ƙarama in kin faɗi sai ki miƙe ki ce wasa kike yi. Shi ya sa nake jin tsoro a kanki.

Bitrus bai karɓe shafin daga hannuna ba. Da kaka ta zo ma sai ga shi da gyaɗarsa kamar kullum, na rasa inda zan sa kaina. Sai na ɗauki alkawari a raina cewa ba abin da zai sake samun shafin nan ina raye. Na koyi ajiye kwafi, na koyi sabuntawa, na shiga dandalin nan ina tambaya ba kunya, har na kai ina amsa wa wasu. Amma a wuri guda na ɗauki darasin a baibai. Na ƙulle komai a hannuna. Kalmar sirri a kaina take, lambar tabbatarwa wayata take zuwa, sunan shafin ma da sunana aka yi rajistarsa. Ina ganin in ni kaɗai ke riƙe da makulli ba mai yin ɓarna. Na manta cewa ranar da aka yi ɓarnar ma ni kaɗai ke riƙe da shi, kuma da akwai mutum na biyu da zai iya shiga, da ya ce mini dakata. Da kike roƙona, ba ke nake hanawa ba. Tsoro nake ji in saki, kuma ina jin in na saki shafin nan kamar na daina biyan Baba Yakubu haƙƙinsa ne.

Shekaranjiya Alhamis Bitrus ya shigo gari sayen maganin feshi, ya biyo ya yi miki sallama, kin fita kasuwa da Innarki. Ya tarar na manna fuskata a jikin allo ina neman inda zan danna. Ya tsaya yana kallona kamar ranar farko, sannan ya ce, "Malam, likita ya ce yaushe za a yi aikin idon?" Na ce bayan salla. Ya ce, "To in an rufe maka ido sati biyu, aka kawo iri, wa zai sa sanarwa?" Na fara kame-kame. Ya ce, "Ni na yafe maka tun tuni, kai ne ba ka yafe wa kanka ba. Amma shafin nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Yarinyar nan a gabanmu ta girma. Ka ba ta."

Na ce ya jawo kujera. Na buɗe miki asusu na mai da ke admin. Na mai da shi ma admin, don kada in sake barin makulli a hannun mutum ɗaya, ko da ke ce. Rajistar sunan shafin da asusun kamfanin ajiya na mayar da su kan adireshin ƙungiya, na sa lambar wayarki a matsayin ta biyu. Sannan na je in sauke kaina zuwa edita, mai rubuta sanarwa kawai, sai na tarar manhajar ba ta barin mutum ya sauke kansa da kansa, sai wani admin ya yi masa. Na yi dariya, na ce waɗanda suka gina abin nan sun san irina. Na tashi na ba Bitrus kujerata, ya shiga da sabon asusunsa, na nuna masa wurin. Ya ɗora yatsa ya tsaya.

Ya ce, "Ka tabbata, Malam?"

Na ce, "Danna kafin in canza ra'ayi."

Ya danna. Da ya tafi na shiga da sunana, na duba jerin nan na gefen hagu da na saba gani shekara da shekaru, rabinsa babu. Ba wurin sabuntawa, ba wurin saka sabon abu, ba wurin ƙara mutum ko cire shi. Na daɗe a zaune ina kallon wurin. Ba zan ɓoye miki ba, na share hawaye, amma kafaɗuna sun yi sauƙin da na manta akwai irinsa.

Saƙo yana jiran ki a imel ɗinki. Ki buɗe ki zaɓi kalmar sirrinki, kada ki gaya mini ita ko na roƙe ki, kuma zan roƙa. Ni zan ci gaba da sa farashin masara da dawa duk ranar kasuwa har lokacin da ido ya ce ya isa. In kin ga na yi ba daidai ba ki gyara, ba sai kin nemi iznina ba. Yanzu ko cire ni gaba ɗaya kika ga ya dace, kina da iko, ba yadda zan yi. Ban taɓa ba wani mahaluki wannan damar a kaina ba, kuma da na ba ki hankalina kwance yake.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Ya tsare fitarki da shigarki, Ya sa hannunki ya zama na gyara, Ya ba ki ƙarfin faɗin gaskiya ranar da ta yi nauyi. Ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki kira Innarki ko ba ki da abin faɗa. Ina ƙaunarki ƙwarai, kuma gidan nan zai yi mini faɗi da ba kya ciki.

In kin shiga shafin, ki kira ni ki ce kin shiga. Ina son in ji da kunnena.

Naki,
Babanki, Sani
Kontagora